Wa ya ce zai daina in ya girma?

A ƙauyukanmu na wajen Ringim, in yaro mai galahanga, wato otizim, ya hana gida barci, magana biyu ake yi: ko a ce iska ce, ko a ce wa uwar ta yi haƙuri zai daina in ya girma. Ta biyun ta fi ci mini rai.

Wani bincike da ya bi dubban yara a yankin Bristol na Ingila, aka wallafa a 2014, ya nuna daga shekara biyu da rabi har zuwa 11, masu otizim na samun barci ƙasa da na tsaransu da minti 17 zuwa 43 kullum. Sau da yawa abin salo yake sauyawa: yana ƙarami ya riƙa farkawa cikin dare, ya zama saurayi kuma ido biyu har kiran assalatu. Likitoci na danganta wani ɓangarensa da melatonin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi, wanda a jikin wasunsu ba ya zuwa kan ƙa'ida.

Maƙwabciyarmu ɗanta ya kai shekara tara. Gidan sauro in ya taɓa fatarsa sai ihu, ƙarar janareton gidan kallo kuwa kunne yake toshewa. Da igiya take ɗaure ƙyaure, don kada ya fice ya nufi rijiya. Da safe ita ce surfe, ita ce ɗiban ruwa, kuma a ce ta cika gyangyaɗi. Maigida fa? Yana turakarsa. Haba malam! Ɗan na ku biyu ne, a raba daren mana.

Masu zuwa kemis a ba su Piriton, maganin mura da ƙaiƙayi mai sa barci, su ɗura wa yaro kullum, don Allah ku bari. Wataƙila cikinsa ne a ɗaure, ko ƙarancin jini, ko ma farfaɗiya ce ke taso masa cikin barci, don ta fi yawa a irin waɗannan yaran. A kai shi Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau a duba.

A gida kuma, lokacin kwanciya ya zama ɗaya kullum, a karɓe waya tun magariba, shayi ya tsaya da safe. Inna da goggo, ku ma in kun karɓi yaron dare ɗaya a mako, uwar nan za ta samu ta runtsa.