Gyaran firamare ba aikin Abuja kaɗai ba ne

Na gaji da jin wannan magana: da an ga ajin firamare rufinsa ya yaye, yara na zaune a ƙasa, sai a ce gwamnatin tarayya ta yi watsi da ilimi. Zaton na da dalili, tunda daga Abuja kaso ke fitowa. Amma gudanar da firamare nauyin jihohi ne da ƙananan hukumomi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, UBEC, aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, sai dai hukumar ba ta sakin tallafin gine-gine sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa. In rabon jiha naira biliyan 1 ne, sai ta kawo nata biliyan 1 tukuna. In ba ta kawo ba, kuɗin na nan kwance a asusu, rufin kuma yana ta yoyo.