Haiti: A koya wa talaka shugabanci, amma wa ke riƙe da makullin rumbu?

A watan Disamban 2010, wata 11 bayan girgizar ƙasar da ta ruguza Port-au-Prince, babban birnin Haiti, 'yan Haiti 12 da ke cikin hukumar sake gina ƙasar suka rubuta takardar koke. Hukumar nan Bill Clinton da firaministan lokacin, Jean-Max Bellerive, ne ke jagorantarta. Kukansu shi ne an mayar da su 'yan amshin shata, ana kawo musu ayyukan da aka riga aka gama tsarawa, nasu kawai su ce sun amince. Waɗannan fa manyan ƙasa ne, masu ilimi, masu jin harsunan Turawa. To ina ga manomin da ke can saman tsauni, wanda Kiriyol, harshen gida na 'yan Haiti, kaɗai yake ji? Tarurrukan raba agaji ma a sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kusa da filin jirgin sama aka riƙa yin su, galibi da Turanci, kuma shiga wurin sai mai kati. Da ofishin wakilin musamman na Majalisar ya yi lissafi daga baya, sai aka ga cikin dala biliyan 6 da ɗoriya da aka fitar tsakanin 2010 da 2012, abin da ya bi ta hannun gwamnatin Haiti bai kai kashi 10 cikin 100 ba, na ƙungiyoyi da kamfanonin 'yan ƙasa kuwa ko kashi 1 bai cika ba.

Bayan wannan abin kunya ne maganar horar da shugabannin al'umma da damawa da jama'a ta zama waƙa a bakin masu ba da tallafi. Ba na adawa da horon. Abin da nake ja da shi shi ne zaton da ake yi cewa 'yan Haiti ba su san yadda ake tafiyar da jama'a ba sai an zo an nuna musu a ɗakin taron otal. Mutum yana koyon shugabanci ne idan akwai wani abu na gaske a hannunsa da zai yanke hukunci a kai, kuma akwai mutanen da za su tuhume shi in ya ɓata. Duk inda horon ya yi tasiri a Haiti, in ka bincika za ka tarar da asusu, ko rumbu, ko gona da ke hannun mutanen da kansu.

Ƙauyen Haiti ya daɗe da gayya, wadda suke kira konbit, ya kuma daɗe da adashi. A kan wannan tushe ne Chavannes Jean-Baptiste ya kafa ƙungiyar manoman Papaye, MPP, a 1973, kusa da garin Hinche, a zamanin da Jean-Claude Duvalier ke mulki kuma taron mutane kaɗan ma na iya jawo wa mutum ɗauri. Tsarin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Manoma kaɗan, waɗanda suka san juna, sukan haɗu su zama ƙaramin rukuni. Suna da gonar tarayya, suna tara 'yan kuɗi, suna ajiye hatsi tare. Akwai kuma mai zaburarwa, ɗan ƙauye irinsu da aka horar, wanda aikinsa jefa tambaya ne. Me ya sa kuke sayar da masara da araha a kaka, ku dawo ku saye ta da tsada a bazara? Wa ke cin ribar da ke tsakani? Me ya sa kullum a hannun mai bashin ruwa kuke ƙarewa? Daga irin wannan tambaya rumbun tarayya yake fitowa. Da zarar an yi rumbu kuwa, dole a zaɓi mai riƙe makulli, a zaɓi mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a sa ranar da za a karanta lissafi a gaban kowa. Matar da ba ta taɓa buɗe baki a gaban maza ba za ta buɗe, domin mudunta na cikin rumbun. Wannan makaranta ce da babu bitar kwana uku da za ta kamo ƙafarta.

Manomin Haiti yana da dalilin ɗari-ɗari da ƙwararren da ya zo daga nesa. A farkon shekarun 1980, saboda tsoron yaɗuwar wata annobar aladu, aka kashe aladun gargajiya na ƙasar kusan baki ɗaya bisa matsin lambar Amurka. Dabbar nan ita ce asusun talaka a can, ita yake sayarwa ya biya kuɗin makaranta ko na magani ko na jana'iza. Waɗanda aka kawo a madadinsu daga Amurka suna buƙatar abinci na musamman da ɗaki mai siminti, abin da mai su kansa ba shi da shi. A 1995 aka zaftare harajin shigo da shinkafa daga kashi 35 zuwa kashi 3, shinkafar Amurka ta cika kasuwa, manoman kwarin Artibonite suka durƙushe. Clinton da bakinsa ya amsa a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka a 2010 cewa kuskure ne, manoman jiharsa ta Arkansas ne suka amfana. Saboda haka a watan Yunin wannan shekarar, da kamfanin Monsanto ya ba da kyautar irin masara da na kayan lambu, dubban manoma suka yi maci a Hinche ƙarƙashin MPP, har suka ƙone wani abu daga irin. Mutum na iya cewa sun yi gaggawa, ana ma iya muhawara a kan ingancin irin. Amma mutanen da suka zauna suka auna kyauta, suka ga iri ne da sai an sake saya kowace shekara, suka ce ba sa so, ba su ne ke neman a koya musu yanke shawara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wani salon horo da nake ganin darajarsa duk da bai da rumbu, wato zaman da'ira da ake kira Wonn Refleksyon, wanda gidauniyar Limyè Lavi da abokan aikinta suka yaɗa a makarantu da coci-coci da azuzuwan yaƙi da jahilci. Ana zama a zagaye, a karanta gajeren rubutu da Kiriyol, kowa ya faɗi fahimtarsa, jagoran zaman kuma ba ya ba da amsa. Sai ka san makarantar Haiti za ka gane nauyin wannan. Kowane ɗan ƙasar yana jin Kiriyol, tsiraru ne suka iya Faransanci sosai, amma sai a tsarin mulkin 1987 aka ba Kiriyol matsayin harshen hukuma kafaɗa da kafaɗa da Faransanci, kuma har yanzu yara da yawa hadda suke yi da harshen da ba a yi da shi a gidajensu. Yaron da ya tashi a haka ya koyi cewa mai ilimi ne ke magana, saura su yi shiru. Warware wannan babban aiki ne. Sai dai in an tashi daga da'irar ba abin da aka damƙa wa mutane, abin da aka samu bai wuce iya zance ba.

Shi ya sa Fonkoze, bankin talakawa da limamin coci Fada Joseph Philippe ya kafa a 1994, ya fi gamsar da ni. Mata 'yan tireda biyar-biyar suke haɗuwa su tsaya wa juna, rukunonin su haɗu su zaɓi shugabarsu, a wurin karɓar bashi ake koyon karatu da lissafi. Haka ma asibitin Zanmi Lasante da Paul Farmer da Fada Fritz Lafontant suka fara a ƙauyen Cange: 'yan ƙauye aka ɗauka su riƙa kai wa masu tarin fuka da masu cutar ƙanjamau magani har gida, kuma ana biyansu albashi. A kula da wannan, domin da yawa daga masu wa'azin damawa da jama'a so suke talaka ya yi aikin sa-kai, su kuma su karɓi albashi da dala.

Ga wani abin da takardun neman tallafi ba sa faɗa. Idan horon ya kama da gaske, siyasa yake zama, kuma a Haiti an biya da jini. A Jean-Rabel, ranar 23 ga Yulin 1987, aka kashe manoma aƙalla 139 da suka haɗa kai suna neman haƙƙinsu na ƙasar noma, a harin da aka ɗora alhakinsa kan manyan masu filaye. Fada Jean-Marie Vincent, wanda ya yi aiki da su, an harbe shi a Port-au-Prince a watan Agustan 1994. Bayan juyin mulkin 1991 sojoji sun wawushe cibiyar MPP, shugabanninta suka ɓuya ko suka bar ƙasar. Wanda ya koyi tambayar ina kuɗin rumbu suka shiga, wata rana zai tambayi wa ya ba wane wannan fili. Mai tallafin da ke son a dama da jama'a amma ba ya son a taɓa maganar fili da haraji da farashi, to ya faɗa tun da wuri cewa 'yan kallo yake nema.

Ba kuma zan yi wa ƙungiyoyin talakawa kwalliya ba. Wasu sun zama mallakar wanda ya kafa su, shekara da shekaru murya ɗaya ake ji. Wasu a takarda kawai suke, an ƙirƙire su ne ranar da aka ji ana rabon kwangila, kuma bita mai kuɗin zama ita ce ta haifar da gwanayen wannan sana'a, masu iya furta kalmomin da baƙo ke son ji. Jean-Bertrand Aristide daga ƙananan majami'un talakawa ya fito, guguwar jama'a ta kai shi fadar shugaban ƙasa a zaɓen 1990, amma a zangonsa na biyu wasu ƙungiyoyin unguwa da ke kiran kansu na talakawa sun rikiɗe sun zama 'yan bangar siyasa masu bindiga. Ko ɗaukar doka a hannu da aka fara a Afrilun 2023, inda jama'a ke kashe waɗanda suke zargi da zama 'yan daba, shi ma haɗin kan unguwa ne. Haɗa kan mutane kaɗai ba ya tabbatar da alheri. Abin da ke bambanta su shi ne ko ana karanta lissafi a fili, ko kuma ana iya sauke shugaba ba tare da an ji tsoro ba.

Iyakar abin ta fito ƙarara a 'yan shekarun nan. Tun kisan shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021 'yan daba suka mamaye mafi yawan babban birnin, mutane sama da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni. A ƙarshen Maris na 2025 suka afka wa garin Mirebalais, babban asibitin koyarwa da Zanmi Lasante ta buɗe a 2013 ya kwashe marasa lafiya ya rufe ƙofa. Babu rumbun tarayya da zai tare bindiga, kuma zalunci ne a ce wa manomi ya cike gurbin 'yan sanda da kotu da hanya.

Tsarin mulkin 1987 ya tanadi inda ya kamata wannan horo ya kai mutum. Ya raba ƙauyukan ƙasar zuwa gundumomi sama da 500, kowacce da zaɓaɓɓiyar majalisar mutum uku da ake kira CASEC, domin maye gurbin shugabannin gunduma na zamanin soja da suka yi ƙaurin suna wajen karɓar na goro da duka. Kujerun nan ba su taɓa samun kuɗin kirki ba, zaɓensu na ƙarshe kafin ƙasar ta faɗa wannan rikici kuwa shi ne na Janairun 2017, kuma da wa'adin magadan gari ya ƙare a 2020 naɗi aka riƙa yi daga fadar shugaban ƙasa. Matar da ta shekara goma tana riƙe da asusun rukuninta ba a taɓa samun ta da gibi ba, ita ta dace da wannan kujera, amma an daɗe ba a buɗe ƙofar da za ta shiga ba. Ƙasashen da ke zuba kuɗi a bita, in da gaske suke, su matsa a yi zaɓen gundumomin a wuraren da tsaro ya bari, su kuma yarda wani kaso na tallafin ya sauka kai tsaye a asusun da ita da maƙwabtanta za su sa wa hannu, ko da abin da suka zaɓa su yi da shi ya saɓa wa abin da aka rubuta a Washington ko Paris.