Fim ɗin Burma da waƙar gidan biki

Tallan fim ɗin sojojin Burma da wasu samarinmu na Zango suka shirya ya karaɗe wayoyi daga unguwar Nima har Mamobi a Akra, kowa ya gani, ba sai na maimaita ba. Hoton ya fita, kayan sojan ma an yi ƙoƙari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waƙar taken da aka ɗora masa. Saurayi da budurwa ne ke amsa wa juna baiti, an tace muryoyinsu a kwamfuta har sun sirance, ga fiyano yana tashi irin na ranar kamu. A daidai lokacin kuma, soja ne ke jan ɗan'uwansa cikin taɓo, jini ya jiƙe masa riga. Waƙar nan ba ta dace da fim ɗin ba, kuma laifin ba ƙarami ba ne.

Su waye ake ba da labarinsu? Kakanninmu ne da aka ɗiba a rundunar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka haɗa su da 'yan Najeriya da Saliyo da Gambiya, aka tsallaka teku da su don su yaƙi Japanawa. Runduna ta 81 ta kutsa kwarin Kaladan a 1944, a dajin da mota ba ta shiga. Da kai suke ɗaukar harsashi da abinci, sauran guzuri sai jirgin sama ya jefo. A watan Janairun 1945 aka karɓe garin Myohaung na Burma, sunan da barikin Takoradi ke amsawa har yau, kamar yadda barikin Burma Camp ke nan Akra. Da suka dawo aka hana su abin da aka yi musu alkawari. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 suka nufi fadar gwamna da ke Osu da takardar koke, aka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar hanya. Tarzomar da ta biyo baya ce ta gaggauta 'yancin 1957. Wannan tarihin ne za a yi wa rakiya da "zo mu zauna, masoyiyata"?

Masu kare waƙar sun ce kasuwa ce, fim ɗin Hausa in babu waƙar soyayya ba ya sayuwa. Wannan hujjar ragwaye ce. An ɗauko al'adar finafinan Kano, wadda su ma a wurin Indiyawa suka aro ta, an manna wa labarin da ba ya buƙatarta, sannan a ce wai mai kallo ne ya nema. Yaushe aka ba shi wani abin ya ƙi? Wasu kuma sun ce ai soja ma yana da masoyiya a gida. Yana da ita, a ba ta fitowarta a cikin fim, amma waƙar take ita ce ke gaya wa mutum da wace zuciya zai zauna kallo, kuma wannan ta ce masa ya shirya rausaya. Masu cewa a cire kiɗa gaba ɗaya kuwa ba su san bariki ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne muna da namu a hannu. Tun zamanin Glover, Baturen da ya kafa rundunar Hausawa, da yaƙin Kumasi na 1874 Hausa ta shiga bariki, ta daɗe tana zama harshen da soja ke magana da soja a ƙasar nan. Har yanzu in kuratan soja suna gudun asuba, kasa kunne za ka tsinci kalmomin Hausa a waƙoƙinsu: mutum ɗaya ya ba da baiti, sauran su amsa da murya mai kauri, takun takalmi ya zame musu ganga. Ga tambari, ga kirarin mazaje da maroƙanmu suka iya tun kaka da kakanni. Duk aka tsallake wannan aka tafi situdiyo neman abin da zai yi tashe a TikTok. Raina kai ne, kuma raina mamatan ne.

Fim ɗin bai fito ba tukuna, saboda haka akwai sauran lokaci. Su nemi tsofaffin soja, su zauna da makaɗan fadar sarakunan Zango a Akra da Kumasi, su sake waƙar. Waccan kuma su ajiye ta, fim ɗin soyayya na gaba zai ɗauke ta.