Ranar da ruwa ya dake ni daga ƙasa

Tun a jirgi na buɗe wa uwargida makaranta. Kwana uku na yi ina haddace labarin matsirgar Biktoriya, don haka ban bar ta ta runtsa ba. Kogin Zambezi ne ke zubowa a kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, faɗin wurin ya haura mita 1,700, zurfinsa mita 108. Baturen nan David Livingstone ya je ya gani a 1855 ya raɗa masa sunan sarauniyar Ingila, alhali masu wurin tun kaka da kakanni Mosi-oa-Tunya suke cewa, wato hayaƙi mai tsawa.

Ta ce, "Baban Ummi, don Allah ka rage mini wani abu da zan gani da idona."

Na yi shiru na minti biyu, na ɗora daga inda na tsaya.

Ta ɓangaren Zambiya muka shiga, cikin watan Afrilu, lokacin da kogin ya cika ya batse. A bakin ƙofa wani saurayi yana ba da hayar rigar ruwa. Na ɗaga kai na dubi sama, rana ƙwal, ko ƙyallin gajimare babu. Na ce a raina, lallai an ga baƙo. Uwargida ta karɓi ɗaya ta zura, ta koma kamar kayan da aka ƙulle a leda, har da dariyata. Ni kuwa sabon farin yadi na sa, ya sha guga, na kafa hula, saboda hoto na zo.

Duk haddar nan da na yi, ban taɓa tambayar kaina hayaƙin na mene ne ba. Ashe ruwa ne. In ya faɗa cikin kwazazzabon sai ramin ya yi masa ƙunci, iska ta tunkuɗo feshinsa sama, ya tashi ya sake sauko wa mutane a ka. Muna hawa 'yar siririyar gadar nan da suke kira Knife-Edge, sai na ji sanyi yana shigo mini ta ƙafar wando. Ta ƙasa fa, jama'a! Kafin in gama mamaki na sama ya iso, na gefe ya tare ni. Yadin nan ya manne mini a jiki, duk wanda ke kan gadar ya san launin singiletina. Tabarau ya rufe ruf. Na zaro waya in ɗauki ko hoto ɗaya ne, ta yi wal sau ɗaya ta ce ga garinku nan.

Uwargida tana ta ihu cikin rugugin, "Ka ga bakan gizo? Har biyu!" Ni ko hannuna ba na gani.

Da muka fito na samu dutse na zauna shan hantsi kamar ƙadangare, na shanya hular a gefe. Sai ga wani gwaggon biri, cikin natsuwa irin ta mai gida, ya ɗauke ta ya shinshina. Na miƙe na daka masa tsawa. Ya juyo ya yage baki ya nuna mini haƙora, kowanne ya kai ɗan yatsa. Na koma na zauna. Dama hular ta ɗan matse ni.

Wayar uwargida, da ke cikin rigar ledar da na yi wa dariya, lafiyarta ƙalau. Hotuna sun fi ɗari, nawa guda ɗaya ne tak: ina tsugune ba hula, biri yana wucewa ta bayana da ita a hannu. Kafin mu isa masauki ta tura wa ƙannena duka.

A jirgin dawowa ina ta atishawa, ta taɓo ni a hankali.

"Baban Ummi, mita nawa ma ka ce zurfinsa?"

Na ja bargo na rufe kaina.