Allurar lenacapavir: a dakata da yi wa Gilead godiya

Tun da aka sanar a Satumban 2025 cewa allurar lenacapavir, ta riga-kafin kamuwa da ƙanjamau, za ta sauko zuwa dala 40 a shekara ga mutum ɗaya, ake ta zuba wa kamfanin Gilead na Amurka ruwan yabo, har ana cewa manyan kamfanonin magani sun yi tuban gaskiya a kan cutar ƙanjamau. Wannan yabon ne ya ishe ni. Dala 40 ɗin ba farashin Gilead ba ne. Kamfanonin Indiya biyu ne suka amince da shi, Dr. Reddy's da Hetero, bayan ƙungiyar tallafin lafiya ta Unitaid da gidauniyar Gates da abokan aikinsu sun sa kuɗi sun tsaya musu, kuma sai 2027 ake sa ran kayan su fito kasuwa. Farashin Gilead na kansa a Amurka dala 28,218 ne a shekara.

Ba mai musun ingancin maganin. A gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin 'yan mata da matasan mata fiye da 2,000 da aka yi wa allurar, ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba lokacin da aka fitar da sakamakon a 2024. Allura sau biyu a shekara ta maye gurbin ƙwayar kullum da mutane ke mantawa ko suke ɓoyewa saboda tsangwama. Ana kuma amfani da shi wajen jinyar waɗanda ƙwayar cutar ta bijire wa sauran magunguna. Ingancin nasa ne ma ya sa yadda aka raba lasisinsa ke ƙona rai.

A Oktoban 2024 Gilead ya zaɓi kamfanoni shida ya ba su izinin haɗa kwafin maganin: Dr. Reddy's, Emcure, Hetero, Mylan, sai Ferozsons na Pakistan da Eva Pharma na Masar. Babu ko ɗaya daga Afirka kudu da Sahara, inda mafi yawan masu ɗauke da cutar suke. Afirka ta Kudu ta ba da 'ya'yanta aka yi gwaji a jikinsu, tana da kamfanin Aspen da ya daɗe yana haɗa magungunan ƙanjamau, amma ba a ga sunansa ba. Izinin ya tsaya a ƙasashe 120, Najeriya na ciki. Brazil da Mexico da Argentina da Peru, waɗanda su ma aka yi gwaji na biyu a cikinsu, an bar su a waje, domin a idon kamfanin suna da ɗan abin hannu, kasuwa ce da ba za a saki ba. Kamfani shi ya zaɓi masu gasa da shi, shi ya shata musu iyakar inda za su sayar. Ciniki ne, kuma mai tsari, amma a daina kiransa kyauta.

Wanda ya san tarihin wannan harka ya san abin da ke karya farashi. A 2000 maganin shekara ɗaya na mutum ɗaya ya haura dala 10,000. A 2001 Yusuf Hamied na kamfanin Cipla ya ce zai ba da haɗin magani uku a kan dala 350, ƙasa da dala ɗaya a rana. A shekarar nan ce kamfanoni 39 da suka maka gwamnatin Afirka ta Kudu a kotu kan dokar sauƙaƙa magani suka janye ƙararsu, bayan duniya ta yi musu ca. A Nuwamba aka yi sanarwar Doha ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta tabbatar wa ƙasashe 'yancin ba da lasisin dole, wato izinin haɗa ko shigo da kwafin magani ba tare da yardar mai shi ba, idan lafiyar jama'a ta buƙata. Brazil ta yi amfani da shi a kan maganin ƙanjamau na efavirenz a 2007, Kolombiya ta yi a kan wani, dolutegravir, a 2024.

Misali mafi kusa shi ne ƙwayar da yawancin masu jinya ke karɓa a asibitocinmu, wadda ma'aikatan lafiya ke kira TLD: tenofovir miligiram 300, lamivudine 300, dolutegravir 50, sau ɗaya a rana. Kamfanin ViiV ya miƙa lasisin dolutegravir a 2014 ga Medicines Patent Pool, cibiyar da ke tattara haƙƙin mallakar magunguna tana raba wa duk kamfanin da ya cancanta. Masu haɗawa suka yi yawa, Aurobindo, Cipla, Laurus, Hetero, Macleods da sauransu, kowa na neman kwangila. A 2017 kuɗin shekara dala 75 ne; a 2023 ya faɗi ƙasa da dala 45. Gilead ya san wannan hanya sarai, shi ne ma kamfani na farko da ya shiga cibiyar a 2011. Da aka zo kan lenacapavir sai ya kauce mata ya ƙulla yarjejeniyarsa shi kaɗai.

Masu kare kamfanin za su kawo zancen kuɗin bincike, kamar ba su ga lissafin Andrew Hill na Jami'ar Liverpool da abokan aikinsa ba, wanda ya nuna za a iya haɗa maganin da riba a kan dala 40, har ƙasa da haka in an yi da yawa.

Shi kansa alƙawarin da Gilead ya yi wa Asusun Duniya (Global Fund) da PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, na samar da allurar ga mutum miliyan 2 cikin shekara uku kafin kwafin ya iso, cikin cokali ne a duniyar da mutum miliyan 1.3 suka kamu a 2024 kaɗai. Kuma dala 40 ba ita ce ƙarshen lissafi ba. Ranar farko allura biyu ake yi a ƙarƙashin fata, a haɗa da ƙwaya biyu, washegari a ƙara biyu, kuma waɗannan ƙwayoyin kuɗinsu daban ne, kusan dala 17. Sai a dawo bayan mako 26, da rangwamen mako biyu gaba ko baya. Dole a yi gwajin jini kafin kowace allura, domin in aka yi wa wanda ya riga ya kamu, maganin shi kaɗai ba zai danne ƙwayar cutar ba, sai ta koyi bijire masa. Wanda ya daina zuwa, ragowar maganin kan yi wata da watanni a jikinsa yana raguwa, bai isa ya kare shi ba amma ya isa ya haifar da wannan bijirewar. Rifampicin na tarin fuka kuma yana rage ƙarfinsa. Duk wannan aikin ma'aikatan jinya ne da kayan gwaji da masu bibiyar majinyata, su ne kuma farkon waɗanda aka sallama da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025.

Gwamnatocinmu ma ba su fita ba. Najeriya na da kusan mutum miliyan 2 masu ɗauke da cutar, amma ƙwayar da ke riƙe da rayuwarsu daga Indiya take zuwa, kuma akasari kuɗin wasu ke biya. Kenya ta nuna abin mai yiwuwa ne: kamfanin Universal ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan TLD a 2023, Asusun Duniya ya saya daga gare shi ya kai Mozambik a 2025. Ƙasashen Afirka su haɗa odarsu wuri guda, su yi wa masana'antun gida alƙawarin saye na shekaru, su matsa wa Gilead ya kai lasisin nan Medicines Patent Pool. In ya ƙi, sanarwar Doha na nan ba a soke ta ba.