Yaran da suka ɗauko wa Fir'auna dutse

Jama'a, da an ambaci tsohuwar Masar, abin da ke faɗo mana a rai shi ne dala da zinariya da fuskar Fir'auna Tutankamun. Ni kam kwanan nan wasu mutane dabam ne suka tsaya mini a zuciya, wato waɗanda suka yi dakon duwatsun.

Akwai wani kufai da ake kira Amarna a bakin kogin Nilu, wajen kilomita 300 kudu da Alƙahira. Fir'auna Akenaton ne ya sa aka gina birnin kimanin shekara 1346 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), domin bautar rana da yake kira Aton. Cikin gaggawa aka yi ginin, kuma ba a cika shekara 20 ba aka watse aka bar shi. Bangon kaburburan fadawansa cike yake da zanen tebura maƙil da gurasa da nama, ga sarki da matarsa Nefertiti bisa keken doki. Wanda ya tsaya ga zanen nan sai ya rantse babu mai kwana da yunwa a garin.

Daga 2006, masana ƙarƙashin jagorancin Barry Kemp suka fara tonon maƙabartar talakawan birnin. Akasarin mamatan ba su da akwati, a naɗe suke cikin asabari aka sa su a rairayi. Mai ilimin ƙashi kuwa karanta shi yake yi kamar allo. Fitowar haƙori da haɗuwar bakin ƙashi suna faɗin shekaru. Ƙashin ƙugu yana bambanta mace da namiji. Idan yaro ya sha yunwa ko doguwar jinya, haƙorinsa yakan dakata da girma, layi ya fito a jikinsa, kuma layin nan ba ya gogewa har abada. An sami irin wannan layi da yawa a Amarna, an sami ƙananan huji a rufin kwarmin ido, alamar da ake dangantawa da ƙarancin jini, ga gajarta, ga ƙashin baya da ya tsage ko ya lotsa saboda kaya.

Wanda ya fi girgiza ni shi ne abin da aka gani a maƙabartar arewa a 2015. Fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka duba, shekarunsu tsakanin 7 ne zuwa 25, mafi yawa ma ba su kai 15 ba. Kaburbura da dama mutum biyu ko fiye aka haɗa, ba wani abin kirki da aka sa musu. Gaɓoɓinsu sun ci, irin cin da ake gani jikin dattijon da ya ƙare rayuwarsa a leburanci. Masu binciken suna ganin ma'aikatan gini ne da fasa dutse. Ku tuna, dutsen da aka gina birnin da shi, wanda ake kira talatat, nauyinsa ya kai kilo 70. Buhun siminti kuwa kilo 50 ne. Ka dubi ɗanka ko ƙaninka ɗan shekara 12, ka ɗora masa wannan a zuciyarka.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma ya dame ni: ina ruwan wani da kabarin wani? Mun tashi da hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Kuma gaskiya an yi ta'asa da sunan ilimi. A ƙarni na 19 Turawa sun riƙa taruwa ana kwance likkafanin gawar Masarawa ana kallo kamar wasa. Kafin nan sun daɗe suna niƙa gawar su sha a matsayin magani, har fenti suka yi da ita. Wannan wulaƙanci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Duk da haka ban haɗa shi da aikin Amarna ba. Ɓarayin kabari sun riga sun hargitsa maƙabartar tun zamanin da, suka watsar da ƙasusuwa. Masanin da ke tattara su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da hannun yarinya ga kafaɗarta, ya rubuta shekarunta da ciwon da ta sha, a ganina shaida yake karɓa daga bakin wadda ba a taɓa tambaya ba. Sarki yana da magatakarda da masassaƙa. Yaran nan ba wanda ya rubuta ko sunan ɗayansu.

Sharaɗina dai shi ne a taɓa su da ladabi, a bar su a ƙasarsu, kada a jera su cikin gilashi 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto suna dariya. In an gama aunawa, a naɗe su a suturta, kamar yadda wani ya naɗe su cikin asabari shekara 3,300 da suka wuce.