Fari: a cikin ganye ake yin asarar, tun kafin a ga shuka ta bushe

Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, manoman Ɗambatta ko Gumel cewa suke yi ƙishirwa ta kashe shuka. Gaskiya ne, amma rana ce ke ƙarasa ta, kuma sanin yadda hakan ke faruwa ya kamata ya sauya lokacin da ake kai wa manomi iri da taki.

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Da saiwa ta ji ƙasa ta bushe, sai shuka ta rufe ƙofofin don ta adana ruwanta. Rufewar ke da wuya, furotin ɗin da ake kira Rubisco, wanda aikinsa kama iskar don a haɗa sukari, sai ya rasa abin yi. Rana kuwa ba ta daina dukan ganyen ba. Ƙarfin hasken da ya rasa inda zai tafi sai ya huce a kan wani furotin, D1, wanda ke tsakiyar wurin da ganye ke karɓar haske. Ko a lafiyayyar shuka, D1 lalacewa yake yi, ana cire shi ana sa sabo duk yini, kamar yadda mai huɗa ke komawa wurin maƙeri da garmarsa. Fari da zafi suna rage saurin gyaran. Idan ɓarna ta fi gyara yawa, shi ne za ka ga ganye ya koɗe, ya yi rawaya, ko ruwa ya dawo ba ya komawa yadda yake.

Waɗannan furotin da sinadarin naitirojin ake gina su, wanda ke cikin yuriya da takin gida. Shukar da ta shiga fari da yunwa ba ta da kayan gyara. Ba wai a watsa yuriya a busasshiyar ƙasa ba, kowane manomi ya san ƙona shuka take yi. Maganar ita ce taki ya riga farin shiga gona.

Gero da dawa Allah ya ba su wata dabara. Suna da ƙarin furotin da ke tattaro iskar kabon ya tura wa Rubisco, don haka ko ƙofofin ganye sun ɗan tsuke, aiki na tafiya. Shi ya sa suka riƙe kakanninmu a wannan ƙasa mai rairayi. Masu bincike na ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa mai binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, waɗanda ke da ofis a Kano, sun daɗe suna aiki a kan dawar da ganyenta ke zama kore har ta cika ido, ko da ruwa ya ɗauke da wuri. Irin wannan iri ya cancanci kuɗin gwamnati, da malaman gona na KNARDA da JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa, da za su kai shi ƙauye.

Alkama ba ta da wannan dabara. Furotin ɗin da ke farkar da Rubisco ɗinta ba ya jure zafi, wannan na cikin dalilan da suka sa take son sanyin hunturu. Manomin Kadawa ko kwarin Haɗejiya da ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, alkamarsa za ta cika ido kafin bazara ta kankama. Wanda ya zauna jiran irin tallafi har Janairu, zafin Maris zai riski alkamarsa tana tsakiyar cika. Ga ruwa kwance a fadama, ga inji yana ta aiki, an sha kuɗin fetur, amma idan ka murza zangarniya a tafin hannu sai ka ga tsaba a ƙanjame, ba nauyi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a ƙarshe manomin ake ɗora wa laifi.

Gwamnatocin Kano da Jigawa su tsara rabon irin alkama da taki ya kammala kafin Oktoba ta ƙare, na damina kuma kafin ruwan shuka ya sauka. Idan kaya ba su iso a kan lokaci ba, a fito a gaya wa manomi gaskiya tun da wuri, ya san abin da zai zuba a gonarsa maimakon alkama.